Kula Da Sababbin Kifaye A Akwatin Gilashi: Abin Da Ya Kamata A Sani A Makonni Shida Na Farko

Wudil gari ne da ya san kifi. Kogin da ya ratsa ta gefensa, wanda ya samu daga haɗuwar Kogin Kano da na Challawa kafin ya miƙa zuwa Haɗeja, ya daɗe yana ciyar da masunta da masu suya da masu banda. Da wuya matafiyi a hanyar Kano zuwa Maiduguri ya tsaya kusa da gadar garin bai ci karo da mai tallan kifi ba. Sai dai sanin kifin da ake kamawa a ci daban ne da sanin kifin da ake ajiyewa a falo domin kallo.

Akwatin gilashi mai ɗauke da kifin ado ya fara shiga gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, da ofisoshi da otal-otal, a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita. Labarin da aka fi ji daga masu fara wannan kiwo kusan iri ɗaya ne. Mutum ya sayo akwati da kifaye a rana guda, ya cika shi da ruwa garai-garai, yara su kewaye suna murna. Kafin mako biyu sai kifayen su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya zargi mai sayarwa, wani ya ce kambun baka ne. A mafi yawan lokuta kuwa laifin na sabon ruwan ne, wanda bai kai matsayin ɗaukar kifi ba tukuna. Wannan bayani ya tattaro abin da ke faruwa a cikin sabon akwati, da matakan da ake bi domin kifin ya tsallake wannan lokaci mai haɗari.

Asalin kiwon kifin ado

Mutanen ƙasar Sin ne suka fara kiwon kifin zinariya a tafkunan gida fiye da shekara dubu da suka wuce. Ajiye kifi a akwatin gilashi kuwa ya bunƙasa ne a Ingila. A shekarar 1850 wani masanin sinadarai mai suna Robert Warington ya bayyana yadda ya ajiye kifin zinariya tare da tsiro da dodon koɗi a ruwa guda na tsawon lokaci ba tare da ruwan ya lalace ba. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na jama'a na farko a gidan namun daji na Landan.

Najeriya ma tana da hannu a wannan harka. Akwai kifayen Kogin Neja da na rafukan kudu da ake fitarwa ta Legas zuwa Turai da Amurka da Asiya domin ado, ciki har da nau'o'in ƙurungu da wani kifi mai dogon haɓa kamar hancin giwa. Wato kifin da masunci ke ganin bai isa miya ba, a wata ƙasar kuɗi ake sawa a saya domin kallo.

Abin da ke kashe kifi a sabon akwati

Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, akasari ta sassan numfashinsa, wato jajayen ganyayyakin nan da ke ƙarƙashin murfin gefen kansa. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke zama. A kogi irin na Wudil, yawan ruwa da gudunsa suna kwashe wannan datti nan take. A akwati kuwa babu inda zai je. Amoniya ba ta da launi, don haka ruwa yana iya zama fes a ido alhali guba ne.

Abin da ke tsabtace ruwan akwati shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke manne wa soson matata da tsakuwa da jikin gilashi. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya fayyace aikin irin waɗannan ƙwayoyi a wajajen shekarar 1890. Aikin hawa biyu ne. Rukuni na farko yana mayar da amoniya zuwa naitirayit, wadda ita ma guba ce: tana shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kifin ya shaƙe ko da ruwan cike yake da iska. Rukuni na biyu yana mayar da naitirayit zuwa naitiret, wadda illarta ba ta kai ta biyun farko ba, kuma ana rage ta ta hanyar canza wani kaso na ruwan lokaci-lokaci.

Matsalar ita ce sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawa, kuma hayayyafarsu tana da nawa. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas, kafin su wadata. A cikin wannan lokaci amoniya ce ke fara hauhawa a makon farko da na biyu, tana sauka kuma naitirayit ta karɓa. Kifin da ya tsira daga ta farko sau da yawa ta biyun ce ke kayar da shi, shi ya sa wasu ke mamakin mutuwar kifi a mako na uku bayan sun ɗauka komai ya daidaita.

Zafi da yanayin ruwa suna ƙara wa amoniya ƙarfi. Akwai ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Idan ruwa ya tashi daga 7 zuwa 8, kason amoniya mai cutarwa yakan ninka kusan sau goma. Haka kuma yana ƙaruwa idan ruwan ya yi ɗumi, abin da ya sa fara kiwo a tsakiyar bazara ya fi haɗari.

Zaɓen akwati da wurin ajiye shi

Mai farawa yakan ɗauka ƙaramin akwati ya fi sauƙin kulawa. Akasin haka ne. Ruwa kaɗan ya fi saurin gurɓata, ya fi saurin zafi da saurin sanyi. Tulun gilashi mai ƙaramin baki da ake sa kifin zinariya a ciki shi ne mafi muni, domin fuskar ruwan da iska ke shiga ta cikinta ƙarama ce.

Ana gane yawan ruwan akwati ta hanyar ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 30 yana ɗaukar lita 54, wato jarka biyu masu lita 25 da ɗan ɗoriya. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace mai farawa ya saya. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka idan aka haɗa da gilashi da tsakuwa nauyin zai haura kilo 65. Ana buƙatar teburi mai ƙwari, shimfiɗaɗɗe, da ɗan soso ko katifar roba a ƙarƙashin akwatin domin kada gilashin ya tsage.

A nisantar da shi daga taga mai rana, domin rana na ɗumama ruwa tana kuma haifar da gansakuka. A nisantar da shi daga kicin da bakin na'urar sanyaya ɗaki. A yi masa murfi mai 'yan ƙofofin iska, saboda ƙurar hunturu da kuma kifin da ke tsalle.

Kayan da ba makawa sai da su su ne matata, da injin hura iska, da ma'aunin zafi, da 'yar ragar kamun kifi, da tiyo, da bokitin da ba a taɓa sa masa sabulu ba kuma ba za a yi wani aiki da shi ba. A inda wutar lantarki ba ta tsayawa, matatar soso wadda injin iska ke tafiyar da ita ta fi dacewa. Ba ta cin wuta sosai, ƙaramar sola ko batir na iya ɗaukarta, kuma sosonta a cikin ruwan akwatin yake.

Wane ruwa za a zuba?

Ruwan famfo yana ɗauke da kulorin da ake sawa domin kashe ƙwayoyin cuta. Yana da amfani ga ɗan Adam, amma yana ƙona sassan numfashin kifi, yana kuma kashe ƙwayoyin da ake son su hayayyafa a matata. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi na kwana ɗaya zuwa biyu, zai fi kyau da injin iska a ciki, ko a ɗiga masa maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagunan kifin ado.

Ruwan burtsatse da na rijiya, waɗanda gidaje da dama a Wudil suka dogara da su, ba su da kulorin, amma sukan fito da ƙarancin oksijin. Wasu kuma suna da sinadarin ƙarfe, wanda ake ganewa idan ruwan ya kwana ya yi ja-ja a ƙasan bokiti. Su ma a bar su su kwana ana hura musu iska, sannan a tsiyaye na sama. Rijiyar da ke kusa da masai ko turken dabbobi tana iya zuwa da amoniya ko naitiret tun daga tushe. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya tabbatar daga ina suke ɗebowa, kuma jarkokin ba su taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ba.

Ruwan kogi shi ne wanda mutumin Wudil zai fi tunanin ya dace, tunda a cikinsa kifi ke rayuwa. Amma yana zuwa da laka, da ƙwayoyin cututtukan kifi, da abin da ya gangaro daga gonaki da magudanan birni. Haka nan dodon koɗi da ciyawar bakin kogi suna iya ɗauko ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar mutum. Yashi ko tsakuwar kogi ba laifi idan an wanke su sosai da ruwan zafi ba tare da sabulu ba, aka shanya su a rana.

Ko wane ruwa aka zaɓa, a dawwama a kansa. Sauya tushen ruwa farat ɗaya yana gigita kifi.

Nunar da ruwa kafin a kawo kifi

Hanya mafi aminci ita ce a haɗa akwatin, a kunna matata, a bar shi babu kifi. Kullum a barbaɗa ɗan abincin kifi kamar abin da yatsu biyu za su tsinka. Abincin zai ruɓe ya ba da amoniya, ƙwayoyin su sami abin ci su yawaita. Barin akwati da ruwa zalla ba tare da wannan abinci ba, ko da na wata guda ne, ba ya nunar da shi.

A kwanakin farko ruwan yakan yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Wannan ba abin tsoro ba ne, kuma yakan washe da kansa. Kada a zubar a sake sabo, domin hakan mayar da hannun agogo baya ne. A bar murfi a rufe kuma ruwan ya ci gaba da motsi saboda sauro.

Akwai kayan gwajin ruwa, na ɗigo ko na tsinken takarda, da ke nuna yawan amoniya da naitirayit da naitiret. An san ruwa ya nuna idan biyun farko suka koma sifili, naitiret kuma ta bayyana. Wanda bai sami kayan gwaji ba ya ƙirga mako shida cif.

Ana iya gajarta jiran ta hanyar karɓo wani yanki na tsohon soso ko ɗan tsakuwa daga akwatin wani da ya daɗe yana aiki kuma kifayensa lafiya lau suke. A kawo shi a jiƙe cikin ruwan akwatinsa, a sa a sabuwar matatar a ranar. Kamar yadda mai nono ke zuba ɗan tsohon kindirmo a sabuwar madara ne. Tsohon ruwa shi kaɗai ba ya wannan aiki sosai, domin ƙwayoyin a jikin abubuwa suke manne.

Wane kifi, kuma guda nawa?

Ga akwati mai lita 54, a fara da ƙananan kifaye uku ko huɗu. Bayan mako biyu, idan komai lafiya, a ƙara biyu ko uku. Yawan ƙwayoyin matata yana bin yawan dattin da suke samu ne, don haka zuba kifi goma a lokaci guda yana iya mayar da nunannen akwati ɗanye.

Gupi da moli da pilati, waɗanda asalinsu daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, sun fi dacewa da mai farawa a wannan yanki. Ƙanana ne, suna son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28, kuma 'ya'ya suke haifa kai tsaye ba ƙwai ba. Gupi takan haihu kusan kowane wata, don haka a yi la'akari da hakan wajen ƙirga.

Kifin zinariya, duk da shi ne ya fi farin jini, ba shi ne mafi sauƙi ba. Kifin ruwa mai sanyi-sanyi ne, yana da ci da yawan datti, yana kai santimita 15 zuwa 20 ko fiye, kuma yana iya wuce shekara goma a raye. Guda ɗaya yana buƙatar abin da bai gaza lita 75 ba. Koyi kuwa na tafki ne, ba na falo ba.

Game da kifayen gida, tarwada tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wani kifin. Amma tana girma da sauri kuma tana haɗiye duk abin da ya shiga bakinta. Ƙarfasa tana tona tsakuwa, tana tuge tsiro, tana faɗa a lokacin ƙwai. Ƙaramin ƙurungu yana zama da kyau a babban akwati idan an yi masa maɓoya, kuma wasu nau'o'insa suna iyo a rigingine, sai dai a kula da ƙayarsa wajen kamu. Minjirya tana jan mutum kamar wutar lantarki, ba ta dace da gidan yara ba. Giwan ruwa kuwa yana iya haura kilo ɗari. Duk kifin da aka ɗebo daga kogi a keɓe shi tukuna.

Wajen saye, a zaɓi kifi mai kuzari, mai buɗaɗɗun fikafikai, wanda ke rububin abinci. A guji akwatin da ke da mataccen kifi ko mai fararen ɗigo a jiki, ko da wanda ake so ɗin ya yi kama da mai lafiya.

Ranar kawo kifi gida

Daga Kano zuwa Wudil tafiyar kimanin kilomita 40 ce, amma cunkoso, musamman ranar Juma'a da kasuwar garin ke ci, na iya tsawaita ta. A yi sayayyar da safe ko da yamma. Ledar ta kasance kashi ɗaya cikin uku ruwa, sauran iska. A sa ta a kwali ko kula, a rufe, kada a ajiye ta a but ko inda rana ke duka, kuma kada a tsaya wata hidima a hanya.

Da an isa gida a kashe fitilar akwatin, a ɗora ledar a rufe a kan ruwan na minti 15 zuwa 20 domin zafinsu ya daidaita. Daga nan a buɗe, a riƙa zuba rabin kofi na ruwan akwatin a cikin ledar duk bayan minti biyar, sau uku ko huɗu. Sai a kwashe kifin da raga a sake shi, a zubar da ruwan ledar a waje. Kada a ba shi abinci sai washegari. Ɓuya da dusashewar launi a kwana biyun farko al'ada ce. A hana yara ƙwanƙwasa gilashi.

Idan akwai tsofaffin kifaye a gida, sabon zuwa ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani mazubi daban mai injin iska kafin a haɗa su.

Idan an riga an zuba kifi a ɗanyen ruwa

Da yawa sai bayan sun sayi kifin suke jin wannan bayani. Har yanzu ana iya ceto su. A rage abinci zuwa ɗan kaɗan sau ɗaya a kwana biyu. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum ko bayan kwana ɗaya, da ruwan da ya kwana kuma zafinsa ya yi daidai da na akwatin. Idan kifayen sun fara haki, a canza rabi. Kada a ƙara ko kifi ɗaya, kada a taɓa matata, kuma a nemo tsohon soso idan da hali.

Gishirin girki yana rage shigar naitirayit jikin kifi. Ana narkar da kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ga kowace lita biyar a kofi, a zuba a hankali. Gupi da moli da kifin zinariya suna jure wannan, amma tsirrai da wasu kifaye marasa ɓawo ba sa so. Gishiri ba ya cire gubar, kuma ba ya maye gurbin canjin ruwa.

Ciyarwa da tsabta

Ƙoshi ya fi yunwa kashe kifin ado. A ba su abin da za su cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a kwashe ragowar. A gidan da ke da yara a ɗora wa mutum ɗaya alhakin ciyarwa, a ɓoye gwangwanin abincin, domin kowane yaro zai so ya ba su nasa. Burodi da tuwo da shinkafa suna ɓata ruwa. Baligin kifi mai lafiya yana iya kwana uku ko huɗu babu abinci, don haka tafiyar Sallah ko biki ba dalili ba ne na juye musu abincin mako a lokaci guda.

Bayan ruwa ya nuna, a riƙa canza kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari duk mako, ana zuƙe dattin da ke cikin tsakuwa da tiyo. Ciko ruwan da ya ƙafe ba canji ba ne, domin ruwa ne ke tashi, datti yana nan. Kada a taɓa kwashe kifi a wanke akwati gaba ɗaya, kamar yadda ake wanke randa. Soson matata kuwa, a matse shi a hankali cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin, sau ɗaya a wata ko idan ya toshe. Wanke shi a famfo ko da sabulu yana rusa aikin mako shida a minti ɗaya.

Kafin a sa hannu a ruwa a cire duk wayoyin lantarki daga soket, a kuma wanke hannu da ruwa zalla domin kawar da mai da turare.

Hunturu, bazara da ɗaukewar wuta

A yankin Kano, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, rana a Afrilu kuma takan kai 40. Ƙaramin akwati yana bin wannan sauyi. A hunturu kifin yankin zafi yana buƙatar hita mai daidaita kanta a kan digiri 25 ko 26. Idan babu, a lulluɓe akwatin da bargo da dare, a rage abinci, domin sanyi yana rage narkewarsa. A kashe hita kafin a rage ruwa, in ba haka ba tana iya fashewa.

A bazara matsalar iska ce. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa kimanin 7.5, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. A ƙara hura iska, a ɗaga murfi a sa raga, a juya fanka tana kaɗa fuskar ruwan. Kada a jefa ƙanƙara kai tsaye. Idan ya zama dole, a sa robar ruwan sanyi a rufe ta yi iyo a ciki.

Idan aka ɗauke wuta, a dakatar da ciyarwa. Duk bayan kamar rabin awa a ɗebi ruwan akwatin da kofi a kwararo shi daga sama sau da yawa. Ƙaramin injin iska mai batir ko mai caji yana daga cikin abin da ya fi cancanta a kashe wa kuɗi. Matatar da ke rufe a wajen akwati, idan ta yi sa'o'i da yawa a tsaye, a buɗe a zubar da ruwan cikinta kafin a sake kunna ta.

Alamomin da ba a jinkiri a kansu

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kifin da ke haki a saman ruwa, ko ya matse fikafikansa, ko ya kwanta a ƙasa, ko sassan numfashinsa suka yi jawur ko ruwan ƙasa, yana nuna matsalar ruwa ne kafin komai. Matakin farko a kullum shi ne canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ƙara iska.

Fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, tare da goga jiki a dutse, alamar wata ƙwayar cuta ce da ta fi kama kifin da ya sha wahalar tafiya ko sanyi. Tana da magani a shagunan kifin ado, kuma akwatin duka ake yi wa, a cika kwanakin da aka rubuta ko da ɗigon ya ɓace. Irin wannan magani na kifin kallo ne kawai, ba a amfani da shi ga kifin da za a ci. Fasa kafson mutane a juye a ruwa, kamar yadda wasu ke yi, yana iya kashe ƙwayoyin matata ya dawo da amoniya. Mataccen kifi a cire shi nan take.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin ɗakin kansa. Maganin sauro na feshi da fiya-fiya guba ne mai tsanani ga kifi, ko da kaɗan ne ya sauka a ruwa. Kafin a fesa, a kashe injin iska, a rufe akwatin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska. Haka za a nisantar da kaskon turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi.

Tankin tarwada da Kogin Wudil

Duk abin da aka faɗa ya shafi masu kiwon tarwada a tankin roba ko na tamfol a bayan gida, inda jari ya fi yawa. Zuba 'ya'yan kifi da yawa a sabon tanki tare da abinci mai yawa shi ne hanyar da amoniya ke cinye jarin mutum a makonnin farko. Sabon tankin siminti yana da ƙarin haɗari, domin siminti yana mayar da ruwa mai kanwa sosai. Sai an jiƙa shi ana zubarwa na wasu makonni kafin ya karɓi kifi.

Wanda ya gaji da kifin adonsa kuma kada ya sake shi a kogi. Ya ba wani mai kiwo ko ya mayar wa mai shago. Baƙon kifi yana iya kai cuta ko ya mamaye na gida, kamar yadda giwan ruwa da aka saka a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye masu yawa a can. Ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil yana bi ta fadamun Haɗeja da Nguru har ya nufi Tafkin Chadi, kuma dubban masunta a kansa suke ci. Tsohon ruwan da aka zuƙe daga akwati a ranar canji, idan babu gishiri ko magani a ciki, a zuba wa shukokin tsakar gida, domin naitiret ɗin da ke cikinsa taki ne.